Masu Bin Sawun Kuɗin Jama'a a Afirka ta Yamma

Ƙungiyoyin farar hula su ne waɗanda 'yan ƙasa ke kafawa da kansu domin wata manufa ta jama'a. Ba reshen gwamnati ba ne, ba jam'iyyun siyasa ba ne, ba kuma kamfanonin neman riba ba. A cikinsu akwai na ƙwadago, na lauyoyi, na mata, na matasa, na 'yan jarida da na ci gaban gari. Tun daga shekarun 1990, lokacin da mulkin soja ya fara ja da baya a Afirka ta Yamma, wani rukuni daga cikinsu ya duƙufa kan abu guda: gano inda kuɗin jama'a ke shiga, da tilasta wa masu riƙe da amana su yi bayani.

Waɗannan ƙungiyoyi ba su da 'yan sanda, ba su da gidan yari, ba sa iya ƙwace ko sisin kwabo daga hannun ɓarawo. Abin da suke da shi bai wuce tambaya, da takarda, da kotu, da murya ba. Duk nasarar da suka samu, da waɗannan makamai suka same ta.

Gwamnatoci ma suna da nasu hukumomin yaƙi da rashawa. Najeriya ta kafa ICPC a 2000, EFCC ta fara aiki a 2003. Nijar ta kafa HALCIA a 2011, Ghana kuma ta naɗa mai gabatar da ƙara na musamman kan rashawa a 2018. Ƙasashen ECOWAS sun amince da yarjejeniyar yaƙi da rashawa a 2001, Tarayyar Afirka ta yi tata a Maputo a 2003. Sai dai shugabannin irin waɗannan hukumomi, yawanci ɓangaren zartarwa ne ke naɗa su, shi ne kuma ke sakin kuɗin gudanar da su. Mai binciken da albashinsa ke hannun wanda zai bincika yana buƙatar wani idon daga waje. Girman matsalar ma ya fi ƙarfin hukuma ɗaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2023 kaɗai 'yan Najeriya sun ba ma'aikatan gwamnati cin hanci na tsabar kuɗi kimanin naira biliyan 721. Wannan kuwa na goro ne kawai da ake miƙawa a shingen hanya da tagar ofis. Bai haɗa da abin da ke salwanta ta hanyar kwangila ba.

Abin da ya faru a Bagega

A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Masu haƙar zinare na kawo duwatsu cikin gari, a niƙa su a inji, wasu a daka su a turmi a tsakar gida, ƙurar ta bi iska ta sauka inda yara ke rarrafe da inda ake shanya hatsi. Yara fiye da 400 suka rasu.

An tsaftace ƙauyuka da dama, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta rage. Likitoci sun ce ba amfanin fara ba yaro magani muddin zai koma ya zauna a kan gurɓatacciyar ƙasa, don haka sai an kankare saman ƙasar gidaje an zuba sabuwa tukuna. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin aikin. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, ba a ga kuɗi ba, alhali yara kusan 1,500 na jiran magani.

A nan ne wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka fara shirin da suka kira Follow The Money. Sun je garin, suka ɗauki hotuna, suka naɗi muryoyin iyaye, suka bi ma'aikatun da aka ce su ne za su karɓi kuɗin suna tambayar inda takarda ta maƙale, sannan suka cika shafukan sada zumunta da kiran a ceci Bagega. Ba su kaɗai ba ne: MSF da Human Rights Watch sun daɗe suna matsin lamba, wasu 'yan majalisar dattawa ma suka sa baki. A ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin. Cikin watannin da suka biyo baya aka tsaftace gidaje, aka fara jinyar yara. Matasan ba su tsaya nan ba, sun ci gaba da bin kuɗin daga ma'aikata zuwa ma'aikata har aikin ya kankama. Ƙungiyarsu, Connected Development, ta mai da wannan salo sana'arta, kuma an kwaikwaye shi a wasu ƙasashen Afirka.

A labarin Bagega ba a kama kowa ba, ba a ɗaure kowa ba. Abin da ya canza shi ne kuɗin da ke kwance a takarda ya samu masu tambayarsa kullum, da sunan gari, da adadi, da ranar da aka yi alkawari.

Sauko da kasafin kuɗi ƙasa

Kasafin kuɗin gwamnatin tarayyar Najeriya kundi ne mai shafuka da yawan gaske, an rubuta shi da Turancin akawu, ko ɗan boko ma sai ya yi da gaske kafin ya fahimce shi. A 2011 Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade suka kafa BudgIT a Legas domin su warware shi cikin zane da jadawali mai sauƙi. A 2014 suka ƙara da shirin Tracka, wanda ke bibiyar ayyukan mazaɓu, wato ayyukan da 'yan majalisar tarayya ke sakawa a kasafi da sunan yankunansu, waɗanda aka saba ware musu naira biliyan 100 kowace shekara.

Yadda aikin ke gudana ba shi da wani sarƙaƙiya. Jami'in sa ido zai ciro jerin ayyukan da aka rubuta wa wata ƙaramar hukuma, ya buga a takarda, ya hau babur ya tafi. Zai fara da gaida dagaci ko mai unguwa, a tara dattawa da matasa a ƙofar fada ko harabar makaranta, ya karanta musu: an ware kaza domin gina ajujuwa uku a firamaren garinku, an ware kaza domin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Sau da yawa a nan ne mutanen gari ke fara jin labarin. Daga nan sai a je wurin a duba. Wani lokaci a tarar da fili fetal. Wani lokaci an kai gini linta an watsar, ciyawa ta rufe harsashi. Wani lokaci kuma an yi aikin, amma an kafa allo cewa kyauta ce daga aljihun mai girma ɗan majalisa, mutane har sun je sun yi godiya a kan abin da da ma haƙƙinsu ne. Sai a ɗauki hoto, a rubuta wasiƙa zuwa ga ɗan majalisar da hukumar da aka ba aikin, mutanen gari su sa hannu.

Irin wannan bibiya ta tona wasu dabaru da suka zama ruwan dare. Akwai ayyukan da ake rubutawa ba tare da sunan gari ba, ta yadda ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Akwai ɗora aikin titi ko fitilun hanya a kan wata cibiyar bincike ko kwalejin da ba ruwanta da gini. Akwai kuma karkata kuɗi zuwa rabon babura da kekunan ɗinki da sunan tallafi, domin kayan rabo ba sa barin shaida kamar yadda gini ke bari. A 2019 hukumar ICPC ta fara nata shirin bin ayyukan mazaɓu tare da ƙungiyoyin farar hula da ƙwararrun masu ƙiyasin gini, kuma 'yan kwangila da dama sun koma bakin aikin da suka gudu suka bari. A shekarar ce Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa an ware kusan naira tiriliyan ɗaya ga waɗannan ayyuka cikin shekara goma ba tare da an ga tasirin da ya kai haka ba.

Doka da kotu

Mai bin sawun kuɗi ba ya iya komai sai da takardu, kuma al'adar ofisoshin gwamnati tun zamanin Turawa ita ce ɓoye fayil. Shi ya sa ƙungiyar Media Rights Agenda da Civil Liberties Organisation da ƙungiyar 'yan jarida ta Najeriya suka fara tsara daftarin dokar 'yancin samun bayanai tun 1993. An kai shi majalisa a 1999, ya wuce a 2007 amma Shugaba Obasanjo bai sa hannu ba, sai a ranar 28 ga Mayun 2011 ya zama doka. Dokar ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Hukumomi da yawa har yanzu shiru suke yi, jihohi kuma sun shafe shekaru suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 2025, a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta shafe su. Ghana ta samu irin wannan doka a 2019, ita ma bayan kusan shekara ashirin ana fafutuka.

Ƙungiyar SERAP, wadda aka kafa a Legas a 2004, ta zaɓi kotu a matsayin fagen famanta. Shari'arta mafi shahara ita ce wadda ta kai Najeriya gaban Kotun ECOWAS kan almundahanar kuɗin ilimin matakin farko. A Nuwamban 2010 kotun ta yanke cewa ilimi haƙƙi ne da yaro zai iya nema a gaban alƙali, kuma satar kuɗin makaranta ba ta sauke wa gwamnati nauyin samar da shi. A Ghana, ƙungiyar OccupyGhana ta kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta umarci babban mai binciken kuɗi na ƙasa a 2017 da ya daina tsayawa kan rubuta rahoto kawai, ya riƙa tilasta wa jami'an da suka kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba su biya daga aljihunsu, kamar yadda tsarin mulki ya ba shi iko.

Raunin wannan hanya a fili yake. Hukunci ba ya aiwatar da kansa. SERAP na riƙe da hukunce-hukunce da dama da gwamnatoci suka yi biris da su, kuma miliyoyin yaran Najeriya na nan ba sa zuwa makaranta shekaru bayan hukuncin 2010. Duk da haka hukunci na zama tubalin da wani lauya zai ɗora ƙararsa a kai gobe.

Nijar: yuraniyom da kuɗin makamai

A Nijar gwagwarmayar ta fi karkata ga arzikin ƙarƙashin ƙasa. An fi shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a yankin Arlit, amma ƙasar ta daɗe a sahun ƙarshe na ma'aunin ci gaban ɗan Adam. Gamayyar ROTAB, ƙarƙashin jagorancin Ali Idrissa, tana cikin waɗanda suka matsa har tsarin mulkin 2010 ya tanadi cewa dole a wallafa kwangilolin ma'adinai da kuɗin da suke kawowa. Da lokacin sabunta yarjejeniya da kamfanin Areva na Faransa ya zo a ƙarshen 2013, ROTAB da Oxfam suka fitar da rahoto kan irin rangwamen harajin da kamfanin ke morewa, aka yi ta zanga-zanga a Yamai ana neman a ɗora shi a kan dokar ma'adinai ta 2006. A Mayun 2014 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta amince da hakan, wadda ta ba da damar ɗaga kason gwamnati daga kashi 5.5 zuwa kashi 12 cikin ɗari gwargwadon ribar kamfani.

Sun biya farashi mai tsada. A Maris na 2018 aka kama Ali Idrissa da Moussa Tchangari da Nouhou Arzika saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗin shekarar, suka yi wata huɗu a tsare. A farkon 2020 wani binciken cikin gida na ma'aikatar tsaro ya nuna an yi asarar kusan sefa biliyan 76 ta hanyar aringizon farashi da kayan yaƙin da aka biya ba a kawo ba. Labarin ya fito ne 'yan makonni bayan an kashe sojoji 71 a Inates da wasu 89 a Chinagodrar, don haka ya sosa zukata matuƙa. Ranar 15 ga Maris aka fito zanga-zanga a Yamai, aka tarwatsa ta, mutane suka mutu, aka kuma tsare wasu jagorori irin su Maikoul Zodi har wata shida. 'Yar jarida Samira Sabou ma ta yi makonni a gidan yari saboda abin da ta rubuta a Facebook game da batun.

'Yan jarida da 'yan titi

Ƙungiyar farar hula da ɗan jarida mai bincike aikinsu ba ya rabuwa: ɗaya ya tono, ɗaya ya riƙe maganar kada ta mutu. A 2015 Anas Aremeyaw Anas na Ghana ya fitar da bidiyon sirri da ya nuna alƙalai na karɓar kuɗi har da awaki domin su karkatar da shari'a. Alƙalai 34 abin ya shafa, kuma kafin ƙarshen shekarar aka kori 20 na ƙananan kotuna. A 2018 ya sake tona asirin harkar ƙwallon ƙafa, abin da ya ci kujerar shugaban hukumar ƙwallon Ghana. A Janairun 2019 aka harbe Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin abokan aikinsa, a unguwar Madina ta Accra. Tun kafin nan, a Disamban 1998, aka kashe Norbert Zongo a Burkina Faso yana tsaka da binciken wani kisa da ya taɓa iyalan shugaban ƙasa. Sunansa aka sa wa cibiyar CENOZO da ke Wagadugu, wadda ke haɗa 'yan jaridar bincike na yankin su yi aiki tare, tunda kuɗin sata ba ya tsayawa a kan iyaka.

Wani lokaci kuma titi ne ke magana. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula suka tsayar da ƙasar cak, daga Ojota a Legas har dandalin Silver Jubilee a Kano. An mai da lita naira 97, kuma binciken majalisar wakilai ya gano an yi sama da faɗi da kimanin dala biliyan 6.8 da sunan tallafi cikin shekara uku. Shugaban kwamitin binciken kansa, Farouk Lawan, daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar cin hancin dala 500,000 a kan wannan aiki. A Senegal ƙungiyar Y'en a Marre, a Burkina Faso kuma Balai Citoyen, waɗanda mawaƙa da 'yan jarida suka kafa, sun taka rawa wajen hana shugabanni zarcewa a 2012 da 2014.

Akwai kuma sa ido kan dukiyar da aka ƙwato. Da Suwizalan ta maido wa Najeriya dala miliyan 322.5 daga kuɗin Abacha, an sharɗanta a raba su ga matalauta, naira 5,000 a wata ga kowane gida, kuma ƙungiyar ANEEJ ta jagoranci masu sa ido da suka bi jihohi suna tantance ko kuɗin na isa hannun waɗanda aka rubuta. An sa wannan sharaɗi ne saboda ƙorafin da aka yi kan yadda aka kashe kason da aka maido a baya.

Inda gizo ke saƙa

Mafi yawan manyan ƙungiyoyin nan da kuɗin waje suke rayuwa, daga gidauniyoyi irin su MacArthur da hukumomin agaji na Turai da Amurka. Wannan na ba masu mulki damar kiransu 'yan koren Turawa, yana kuma sa aikin ya bi abin da mai ba da kuɗi ke so a wannan shekarar. Rufe hukumar USAID a 2025 ya nuna yadda tallafin ke iya yankewa dare ɗaya. Akwai kuma ƙungiyoyin jeka-na-yi-ka, waɗanda ba su da ofis sai jaka da hatimi, aikinsu kiran taron manema labarai domin wanke wanda ake zargi. Irin waɗannan na zubar da mutuncin masu aikin gaskiya.

Matsala mafi girma ga arewacin Najeriya ita ce tazarar da ke tsakanin ɗakin taro na otel a Abuja da mutumin da aka sace wa asibiti. Rahoto mai shafi ɗari da Turanci ba ya isa kunnen manomi. Ƙungiyoyin da suka gane haka, irin su CITAD a Kano da CISLAC, sun koma amfani da rediyo da Hausa, kuma shirye-shiryen ƙorafin jama'a irin su Inda Ranka na gidan rediyon Freedom sun nuna cewa jami'in da ba ya amsa wasiƙa yakan amsa idan aka ambaci ofishinsa a iska. Batun ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki karɓar gaisuwa da cin hanci a fadojin sarakuna cikin Kitabul Farƙ, don haka mai wa'azi na da hujjar da zai tsaya a kai ba tare da ya aro daga waje ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Al'ummar da ke auna ɗanta mai muƙami da yawan abin da ya raba, take kiran wanda ya sauka hannu wofi sakarai, tana cikin abin da ke ingiza shi ya taɓa baitulmali.

Tsaron masu fallasa ma bai samu ba. Najeriya ta fito da tsarin ba mai kwarmata bayani ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato a Disamban 2016, amma tsari ne na ma'aikatar kuɗi, ba cikakkiyar dokar da za ta kare ma'aikaci daga kora ko barazana ba.

A yankin Sahel fili sai ƙara ƙuntata yake yi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, sojojin Nijar sun maye gurbin HALCIA da sabuwar hukumar COLDEFF, a Disamban 2024 kuma aka sake kama Moussa Tchangari. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 na nufin 'yan ƙasashen sun rasa Kotun ECOWAS, wadda ta kasance mafaka ga wanda kotun gida ta juya wa baya.

A Najeriya kuwa sabon fagen da ya buɗe shi ne na ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun gwamnoni ba. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya. Ofishin babban akanta na tarayya da Hukumar Ƙididdiga na wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ke samu duk wata, amma kaɗan ne daga cikinsu ke bayyana kasafinsu ga jama'a, kuma a wannan mataki ne, inda alhakin firamare da ɗakin shan magani da kasuwar ƙauye yake, ƙungiyoyin sa ido suka fi ƙaranci.